Bindigar da Wani Ya Ɗura

Da aka idar da sallar asuba a masallacin layinsu na unguwar Ka'akiyya a Makka, Mukhtaru bai tsaya hirar bakin ƙofa ba. Ya hau bene, ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya ɗauko almakashi da wata tsohuwar rigar auduga, ya shiga yanka ƙyallaye masu faɗin yatsu uku. Haka yake yi duk safiyar ranar da za a yi wasa. Ƙyalle goma sha biyu, sai ɗan mudun ƙaho da ya gada wurin mahaifinsa, sai sandar ɗuri ta ƙarfe wadda yake gogewa har ta yi ƙyalli. Bindigar kanta ba ta taɓa kwana a gidan ba. Tana can bayan Arfa, a wajen iyakar Harami, cikin akwatin ƙarfe na ƙungiyarsu, tare da albarushi da takardar izini.

Shekarunsa sittin da ɗaya. Sana'arsa yankan makulli. A wani ɗan shago na unguwar Jarwal ya fara ta, da aikin faɗaɗa gari ya ci shagon sai ya dawo da injinsa Ka'akiyya. Amma tsakanin Makka da duwatsun Ɗa'if ba da makulli aka san shi ba, da ta'ashir aka san shi. Ta'ashir wasan mutanen dutse ne da ake yi a biki. Mutum zai ɗura wa doguwar bindigar gargajiya albarushi zalla, babu dalma, ya danne da ƙyalle, ya fito fili ana kiɗa, ya juya bakinta ƙasa daf da ƙafafunsa, ya daka tsalle, ya harba yana sama. Wuta ta bugi ƙasa, hayaƙi ya lulluɓe shi, ya sauko a cikinsa. Mahaifin Mukhtaru, Malam Jibril, ɗan maharban Damagaram ne da ya zo Hajji a ƙafa, ya zauna yana aiki a gonakin Ɗa'if. Hannun da ya saba da bindiga bai sha wuyar koyon wasan ba, kuma shi ya koya wa 'ya'yansa biyu, Mukhtaru da ƙanensa Baraka.

Doka ɗaya Mukhtaru yake da ita, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya ji ta: kowa ya ɗura tasa. Idan sabon shiga ya tambayi dalili, yakan ce bindiga kamar ciki ce, kowace da abin da take iya ɗauka. Wadda ƙarfenta ya tsufa ba ta cin abin da sabuwa take ci. Albarushin da ya sha iskar Jidda ba ɗaya yake da wanda ya kwana a kan dutse ba, mai shi kaɗai ya san inda nasa ya kwana. Mai tsalle da nisa ma awonsa daban ne da na mai nauyin jiki. A nan yake tsayawa. Akwai dalili na ƙarshe da ba ya faɗa, domin dalilin yana zaune a ɗakin ƙasa na gidansa.

Shekara talatin da uku da suka wuce, a wani biki, Baraka ya iso a makare, ya miƙa masa bindigarsa ya ce, “Yaya, ɗura mini, bari in yi alwala.” Mukhtaru ya auna da nasa mudun, ya zuba a bindigar da rabin hakan take ci. Bakinta ya tsage a tsakiyar tsalle. Rabin ƙafar Baraka ta dama ya tafi. Tun ranar Baraka bai taɓa ambatar wanda ya yi ɗurin ba, ko da wasa, kuma wannan shirun ne ya fi yi wa Mukhtaru nauyi. Wanda ya ɗura wa kansa, idan ƙaddara ta faɗa masa, ba shi da wanda zai kalla, babu kuma wanda zai ƙare rayuwarsa yana sunkuyar da kai a gabansa.

Yana kan ƙyalle na tara matarsa Rabi ta fito da shayi da burodin tamis da wake.

“Abu Majid, rigar nan fa ba ta mutu ba,” in ji ta, tana kiransa da sunan ɗansu. “Jiya na wanke ta.”

“Ai shi ya sa na zaɓe ta. Ƙyalle mai datti ba ya shiga bindigata.”

“To Allah ya sa kada watarana ka zaɓi mayafina.”

Suka ji takun Baraka a matakala, ɗaya da ƙarfi, ɗaya a jaye. Bayansa ga Majid, ɗan Mukhtaru na fari, mai shekara ashirin da tara, ma'aikacin jinya. Yau ce ranar ɗaurin aurensa da Dalal, 'yar wani manomi na Wadi Nu'uman da ake kira Abu Bandar. Shekara biyu ana neman auren nan. Uban yarinyar ya amince da wuri, amma wasu daga cikin baffanninta sun daɗe suna jan ƙafa, suna tambayar asali, suna cewa ba su saba ba da 'ya ga zuriyar alhazan Takaruru, wato waɗanda suka zo daga ƙasashen baƙar fata, ba. Da kyar aka kai ga yau. Za a yi wasa bayan la'asar, a ɗaura bayan magariba.

Majid ya zauna ya ɓalli burodi. Hausarsa a gauraye take da Larabci, kamar ta sa'o'insa duka: uba shi ne abuya, baffa ko dattijo kuwa ammi.

“Abuya, akwai bushara. Ammi Abu Bandar ya kira ni jiya. Zai sauko da bindigar babansa daga bango, wadda ba a taɓa ba tun rasuwarsa. Ya ce kai za ka buɗe fili da ita, a gaban baffannin duka.”

Almakashin ya tsaya a hannun Mukhtaru.

“Wa zai ɗura?”

“Bandar, yayan Dalal. Ya ce baƙo ba ya aiki. A shirye za a miƙo maka ita.”

Rabi ta dubi mijinta, ta shige ciki. Majid ya ci gaba da magana a kan motoci da wanda zai ɗauki wa, sannan wayarsa ta yi ƙara ya sauka.

Baraka ya kurɓi shayi ya ce, “Ka ce gwiwarka ce ta tashi. Tsoho da ciwon gwiwa, wa zai yi musu?”

“Ka san al'adarsu kamar yadda na sani. Bindigar girmamawa ba ta komawa bango da ɗurinta. Idan uba ya kasa, ɗa ake miƙa wa.”

“Majid ya iya tsalle.”

“Ba tsallen nake ji ba.”

Baraka ya miƙe ƙafarsa mai takalmin nan na musamman da ake cika gabansa da auduga. Ya ce, “To ka auna ta kafin ka harba.”

“In zura sandata a bindigar uban mutum, a gaban 'yan'uwansa, in nuna ban yarda da hannun ɗansa ba? Baffannin nan abin da suke jira ke nan. Su ce ga shi, mun faɗa.”

“Gaba kura, baya sayaki,” in ji Baraka. “Miƙo mini waken nan, tunda kai ka ƙoshi da tunani.”

Ranar Mukhtaru bai buɗe shago ba, amma ya sauka ya zauna a ciki da ƙofa a saye. Ya ɗauki wani makulli da aka ba shi tun shekaranjiya, ya ɗaura a inji, ya lalata biyu ya haƙura. Lissafi ɗaya yake ta juyawa. Shekara goma sha ɗaya bindigar tana rataye. Bai san kaurin ƙarfenta ba, bai san ko tsatsa ta ci ta daga ciki ba, bai san da wane mudu Bandar zai auna ba. Wataƙila komai lafiya. Sau tara cikin goma lafiya ce. Sai ya tuna cewa ranar Baraka ma haka aka ɗauka. Ya tuno ƙafar Majid tun yana jariri, ƙarama a tafin hannunsa, sai ya tashi ya sake alwala ba don ta karye ba.

Bayan azahar suka kama hanya, mota huɗu. Suka wuce Muzdalifa, suka bi gefen Arfa, filin nan fayau ba kowa sai itatuwan darbejiya da rumfuna a naɗe. Nan Mukhtaru ya yi shekaru yana gyaran makullan ɗakunan ajiya lokacin Hajji, kuma duk sanda ya wuce yakan nuna wa yara wurin. Yau bai ɗaga kai ba. Suka tsaya ya ɗauki bindigarsa a ma'ajiyar ƙungiya, suka gangara Wadi Nu'uman.

Gidan Abu Bandar yana gindin dutse, da gonar rumman a bayansa. An share fili, an shimfiɗa dardumai a kewaye, maza sun kai ɗari. Mai gidan dogo ne, siriri, gemunsa fari, ya rungume Mukhtaru ya haɗa hanci da shi, irin gaisuwarsu. Da aka zo zuba gahawa ta biyu, Mukhtaru ya matsa kusa, ya yi ƙasa da murya.

“Ya Abu Bandar, game da bindigar marigayi, da ka bar ni na...”

“Ko kusa,” in ji mai gidan, yana dafa gwiwarsa. “Yau hannunka ba zai yi baƙi a gidana ba. Tun hantsi Bandar ya gama. Sha gahawarka.”

Wani baƙo ya iso, Abu Bandar ya miƙe ya tare shi, maganar ta mutu a nan.

Aka yi la'asar. Ganguna suka tashi. Mutane suka yi da'ira, baffannin amarya uku suka zauna a sahun gaba, sanduna a kan cinyoyinsu. Bandar ya fito daga cikin gida da bindigar a kan hannuwansa biyu. Kyakkyawa ce, an yi wa ƙotarta ado da azurfa, an goge ta tana walƙiya. Abu Bandar ya karɓa, ya tako har tsakiyar fili, ya ɗaga murya ya ce wannan ita ce bindigar mahaifinsa, babu wanda ya riƙe ta bayansa, kuma yau yana ba da ita ga mutumin da zai ba ɗansa 'yarsa. Ya miƙa.

Mukhtaru ya karɓa. Ta fi tasa nauyi. An riga an ɗora mata zarad, ɗan ƙoƙon tagullar nan da ke ba da wuta. Abin da ya rage a ja kunama kawai. Ya cire takalmansa kamar yadda ake yi. Ƙasa tana da ɗumi. Makaɗa suka ƙara wuta, aka fara tafi, shi kuwa ƙafafunsa suka ƙi ɗagawa. Gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hularsa ya shiga idonsa, bai iya sharewa ba, domin hannuwansa biyu suna kan bindigar. Kiɗa ya zagayo inda ya kamata ya fara juyi, ya wuce. Ya sake zagayowa, ya wuce. Tafin ya fara raguwa. Ɗaya daga cikin baffannin ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, suka yi murmushi.

Sai ya ji mutum a kafaɗarsa. Majid ne, cikin farar rigarsa ta angunci, ya riga ya tuɓe takalma.

“Abuya, gwiwar ce? Khalas, ba mushkila. Kawo in yi.”

Ya kama bindigar ta tsakiya, yana murmushi don jama'a su ɗauka shiri ne. Mukhtaru ya dubi ƙasa. Yatsun ƙafar ɗansa goma ne, a jere a kan ƙasa, an yanke musu farce saboda biki.

“Sake ta,” in ji shi.

“Abuya, mutane suna kallo.”

“Na ce sake ta, Majid.”

Ya ɗaga hannu ɗaya, makaɗa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ya juya bakin bindigar sama, ya cire zarad ɗin da farcensa, ya sa a aljihu. Ya dubi mai gidan.

“Ya Abu Bandar, ka girmama ni fiye da yadda na cancanta. Amma ba na harba abin da ban ɗura ba, ɗana ma ba zai harba ba. Ka ba ni izini in auna ta.”

Fuskar Bandar ta yi ja. Babban baffan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “A gidanmu za a koya mana bindiga? Kakanninmu suna wannan wasa tun kafin a san hanyar da wasu suka biyo.” Wasu suka yi gunaguni. Abu Bandar bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yana tsaye kawai, hannuwansa a baya. Mukhtaru ya ga auren yana zamewa kamar ruwa a tafin hannu, ya kuma san idan sandar ta nuna komai daidai ne, ya ci mutuncin gidan nan a banza, kuma Majid ba zai taɓa mantawa ba.

A gefen fili, inda aka ajiye masa kujera, Baraka ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa. Ya zare shi, ya zare safa, ya ɗora abin da ya rage na ƙafarsa a kan darduma.

“Ku yi haƙuri da warin,” ya ce da Larabci. “Ni ma a gidan mutunci aka ɗura mini, kuma wanda ya ɗura yana ƙaunata.”

Babu wanda ya yi dariya. Abu Bandar ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, “Auna.”

Mukhtaru ya ɗauko sandarsa. Ya zura ta a hankali, fuskarsa a kauce, har ta tsaya. Ya danne wurin da babban yatsa, ya zaro ta, ya jera ta a jikin bindigar ta waje don ya ga inda ta kai. Ɗurin wasa ba ya wuce yatsu biyu daga gindi. Tsinin sandar ya tsaya da nisan yatsu biyar.

“Mudu nawa ka zuba, ɗana?” ya tambayi Bandar.

“Ɗaya, ya ammi. Wallahi ɗaya.”

“Ka zura sanda kafin ka zuba?”

“Ai daga bango na sauko da ita. Shekara goma sha ɗaya.”

Mukhtaru ya nemi ruwa da faranti. Ya tsiyaya ruwan a bakin bindigar har ya cika, ya jira. Ya juya sandar ta wajen kanta mai murɗaɗɗen tsini, ya zura ya murza, ya jawo. Farin ƙyalle ya fito, sabo, baƙin ruwan albarushi ya biyo shi. Ɗurin Bandar ke nan, kuma awonsa daidai ne. Ya sake zura sandar. Ba ta kai gindi ba. Ya sake murzawa, wannan karon da kyar, sai ga wani tsumma ja-ja, ya taurare kamar ɓawon itace. Ya karkata bindigar a kan farantin. Ƙananan dalma suka zubo suna ƙara, suna birgima zuwa gefe, sun fi ashirin. Bayansu wani tsumman, bayansa tsohon albarushi, wanda ruwan bai ma gama ratsa shi ba.

Babban baffan ne ya fara magana, da wata murya dabam. “Birai,” ya ce. “Saboda biran da ke saukowa cin rumman. Kullum a ɗure take kwana a bangonsa, Allah ya jiƙansa. Ni na sani. Na manta.”

Abu Bandar ya tsuguna, ya ɗauki dalma ɗaya ya juya ta a yatsunsa. Ya dubi ƙafafun Majid, ya dubi yaran da ke zaune a bakin da'ira, inda dalma za ta fantsama in ta bugi ƙasa mai duwatsu. Ya miƙe, ya juya ga angon.

“Sa takalminka, ɗana. Ƙasa akwai ƙaya.”

Aka ci gaba da wasa, kowa da bindigarsa, amma ranar ba a ga wanda ya ɗura ba tare da ya fara zura sanda ba. Mukhtaru bai shiga fili ba. Ya koma ya zauna kusa da Baraka. Ƙyallayensa goma sha biyu suna aljihu, ko ɗaya bai taɓa ba.

“Mayar da takalminka,” ya ce da ƙanensa, ba tare da ya dube shi ba.

“Bari ta sha iska. Shekara talatin da uku ba ta halarci biki ba.”

Bayan magariba aka ɗaura auren. Baffa ɗaya ya tafi kafin a kawo abinci, biyu suka zauna. Majid ya zo ya sumbaci kan mahaifinsa, ya sake sumbata ya tafi.

Ana shirya farantan shinkafa da nama, Mukhtaru ya nemi a ba shi ruwan ɗumi da ɗan mai. Abu Bandar ya so ya hana, ya fasa, ya kawo da kansa. Mukhtaru ya zauna a bakin rijiyar gona, ya wanke cikin bindigar tsohon har ruwan ya riƙa fitowa fari. Ya tsane ta da ƙyallayensa, ɗaya bayan ɗaya, ya shafa mai da na ƙarshe. Sannan ya kira Bandar, ya ba shi sandar ya ce ya sake ta a ciki. Sandar ta faɗa har ƙasa, ƙarfe ya bugi ƙarfe, ta ɗan yi tsalle.

“Ka ji wannan ƙarar?”

“Na ji, ya ammi.”

“In ba ka ji ta ba, kada ka zuba komai.”

Ya miƙe, ya ɗauki bindigar, Abu Bandar ya shige gaba yana nuna masa hanya har ɗakin marigayin. Ƙusoshi biyu suna nan a bango, da inuwar bindigar a jikin fenti. Mukhtaru ya rataye ta a kansu, ya gyara mata zama, ya goge hannunsa da gefen rigarsa, suka fita cin abinci.